Cell: sel za ka ce, ko ƙwaya, ko tantani?

Wani ɗan aiki ne ya faɗo min satin da ya wuce, takarda mai shafi huɗu kan cutar sikila, wai a mayar da ita Hausa don a raba wa mata ranar awo a asibiti. Tun layin farko na ci karo da kalmar nan ta turanci, cell. Na rubuta sel na goge, na rubuta tantanin halitta na goge, na koma ƙwayar halitta na zauna ina kallonta kamar yau na fara ganinta. Ƙanena da ke karatun lantarki a poli yana gefe yana ta min dariya, wai haba Yaya ai cell batir ne, me ya haɗa shi da jini kuma. Maƙwabcinmu kuwa tsohon ɗan sanda ne, shi in ka ce sel abu ɗaya ya sani a duniya, ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe da bokiti a lungu. Abun haushin shi ne duk cikinmu babu wanda ya yi ƙarya.

Toh tunda na sha wahalar, bari in ajiye muku abun da na fahimta, musamman masu fassara da malaman makaranta da masu karanta labarai a rediyo, don ku ne kalmar nan ta fi damu.

Asalinta ba turanci ba ce, Latin ce, cella, ma'ana ɗan ƙaramin ɗaki, irin wanda ake ajiye hatsi ko mai ko giya, kusan abun da mu za mu ce sito ko rumbu. A gidajen bautar Rumawa kuma cella shi ne ƙuryar da ake ajiye gunki. Masana harshe suna haɗa ta da celare wato ɓoyewa, kaga kenan tun fil azal maganar ita ce wuri ƙarami rufaffe da wani abu a cikinsa. Ta shigo Ingilishi wajajen ƙarni na 12 ta hanyar masu zuhudu na Kirista, da farko tana nufin ƙaramin gidan zuhudu da ke ƙarƙashin babba, daga baya ta koma ɗakin mutum ɗaya inda yake kwana yake ibada. Har sunayen garuruwa ta bari a Ireland, duk wasu Kildare da Kilkenny ɗin nan, wannan kil ɗin daga cella yake, ya koma ma'anar coci a harshensu. In ka haɗu da wannan ma'anar a littafin tarihi ba sai ka wahala ba, ɗakin halwa kawai, Bahaushe ya san shiga halwa tun kafin bature ya zo.

Ma'anar ɗakin ɗaure mutane daga baya ta zo, cikin ƙarni na 18, kuma ita ce ta fara zama a bakinmu. An kulle shi a sel, ya kwana biyu a sel, ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane. Nan aro ya ci, babu gardama. Abun da nake ganin masu fassara suna kwafsawa shi ne su mayar da shi kurkuku ko gidan yari, alhali ba ɗaya ba ne. Sel ɗaki ne, galibi na caji ofis, inda tsarin mulkin Najeriya a sashe na 35 ya ce kada a wuce kwana ɗaya ba a kai mutum kotu ba, ko biyu in kotun na da nisa, ko ana bin wannan kuwa wata maganar ce daban. Gidan yari kuma gaba ɗaya ginin ne, wanda tun dokar 2019 gwamnati ta koma kiransa gidan gyaran hali. Akwai ma bayan kanta, wanda shi bai kai sel ba, an dai tsare ka a benci an karɓe takalmi da bel. 'Yan'uwanmu na Nijar su gidan kaso suka fi faɗa, daga cachot na Faransanci, wanda shi ma daga ɓoyewa ya fito. In Damagaram ko Maraɗi kake wa rubutu ka ce ɗakin kaso ko ɗakin tsare mutane, zai fi shiga kunne.

Yanzu ga inda rigimar take, wato jiki.

A 1665 wani bature Robert Hooke ya yanko ɓawon icen da ake murfin kwalba da shi, siriri sosai, ya sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sai ya ga ramuka jere reras kowanne da bangonsa. Ana yawan cewa ɗakunan masu zuhudu ya tuna, amma abun da ya rubuta a littafinsa Micrographia da saƙar zuma ya kwatanta su. Ko ma dai wanne ne, sai ya kira su cells. Abun dariyar shi ne matattu ya gani, bango ne kawai ya rage, abun cikin ya bushe tuntuni, wato sunan ɗakin aka ɗauka aka liƙa wa mai ɗakin. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka tsayar da cewa tsiro da dabba duk da waɗannan 'yan abubuwan aka gina su, a 1855 kuma Virchow ya ƙara da cewa kowace ɗaya daga wata irinta take fitowa. Jikin babban mutum yana ɗauke da sama da tiriliyan 30.

Zaɓi uku muke da shi a nan, kuma kowanne na da magoya baya.

Sel, wato aro kai tsaye. Amfaninsa gajere ne, kuma yaron da zai zauna WAEC ko JAMB da turanci zai rubuta, toh gara kunnensa ya saba. Likitoci da nas-nas ma in suna hira tsakaninsu haka suke jefa shi cikin Hausa ba sa ko ji. Amma ka fita daga aji ka shiga layin awo ka ce wa mace 'yar ƙauye sel ɗin jinin ɗanki ya lanƙwashe, wallahi abun da zai fara zuwa ranta caji ofis ne. Gurbin ya riga ya cika, 'yan sanda sun riga likitoci kama kalmar. Sannan ba ta da jam'i mai daɗi, sel-sel za ka ce ko me, a ilmin jiki kuwa kusan kullum da yawa ake magana ba ɗaya ba. Ni dai a aji kawai zan yarda da ita, shi ma a gefen kalmar Hausa, ba ita kaɗai ba.

Tantanin halitta. Wannan na ganinsa sosai a rubuce-rubucen intanet da wasu fassarori, kuma ba zan ce babu hujja ba sam, tunda abun da Hooke ya gani ma ai bango ne, sannan ba ya karo da wata kalma ta likitanci kamar yadda za ku ga ƙwaya na yi. Matsalata da shi ita ce tantani a Hausa fata ce siririya mai rufe abu ko raba abu biyu, tantanin kalangu, tantanin kunne, tantanin da ke cikin ɓawon ƙwai in ka ɓare dafaffe. Shimfiɗaɗɗen abu ne, ba dunƙulalle ba. Kuma ita kanta cell ɗin tana da nata siririn mayafin da ya kewaye ta, mai tace abun da zai shiga da wanda zai fita, wanda duk littafin bayoloji na aji ɗaya na babbar sakandare sai ya yi maganarsa. Toh in ka riga ka kashe tantani a kan cell, shi wannan mayafin me za ka kira shi, tantanin tantanin halitta? Nan ne na ajiye shi. A bar tantani a inda ya dace, a ce tantanin ƙwayar halitta, magana ta zauna daram.

Ƙwayar halitta, ita na zaɓa, amma ba don ba ta da aibi ba. Ƙwaya ita ce ɗaya daga cikin tari, ƙwayar gero, ƙwayar masara, ƙwaya ɗaya tak, kuma abun da ake son mai sauraro ya hango kenan, ƙananan abubuwa masu ɗimbin yawa da suka taru suka yi jiki kamar yadda ƙwayoyin hatsi ke cika buhu. Jam'inta a shirye yake, kuma tana karɓar ƙari ba gardama, jajayen ƙwayoyin jini, fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin fata, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Aibinta shi ne an yi mata lodi fiye da kima. Ƙwayar cuta ita ce, ƙwayar magani ita ce, ƙwayar ido ita ce, ga kuma ƙwayoyin da NDLEA ke kamawa, in ka ce jikinsa cike yake da ƙwayoyi ka tsaya nan toh ka ɓata wa bawan Allah suna. Wanda ya fi damuna ma shi ne a labarai za ka ji an ce gwajin ƙwayar halitta ana nufin DNA, gobe a ce ƙwayar halitta ana nufin abun da ake gado daga iyaye wanda bature ke cewa gene, jibi kuma a ce ƙwayar halitta ana nufin cell. Abu uku daban-daban, ɗaya a cikin ɗaya kamar kwanon sha cikin samira cikin kwalla, amma suna ɗaya.

Dabarar da nake bi mai sauƙi ce. Duk inda na san gaɓar da ake magana sai in cire halitta in sa sunan gaɓar, ƙwayoyin jini, ƙwayoyin hanta, shikenan babu ruɗani. Gene kuma in ce ƙwayar gado, ba na taɓa ba shi halitta. DNA in bar shi DNA, kowa ya san shi yanzu albarkacin rigingimun gano uban yaro. Ƙwayar halitta zalla sai inda ake maganar cell a dunƙule, irin farkon darasi. Ƙwayar cuta kuma a kula, bakteriya ita kanta ƙwayar halitta ce guda ɗaya mai rayuwar kanta, bairos kuwa bai kai nan ba, sai ya shiga cikin ta wani yake iya hayayyafa, shi ya sa maganin da ke kashe bakteriya ba ya yi wa mura komai.

Ita sikilar da ta jawo duk wannan surutun, tata hikayar daban ce. Sickle lauje ne. A 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya ba da rahoton jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Grenada, jajayen ƙwayoyin maimakon su zama zagayayyu masu ɗan lotsawa a tsakiya sai ga su a lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120 a jiki, mai laujen kuwa 10 zuwa 20 ta mutu, ga ta da maƙalewa a ƙananan hanyoyin jini, ciwon ƙashin nan da ke sa yaro kuka cikin dare musamman lokacin sanyi kenan. Bahaushe bai tsaya wahala da cell ba, ya ɗauki sickler da ake kiran mai cutar ya mayar sikila, ga kuma amosanin jini da ake faɗa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, don haka kalmar ta zauna, kar wani ya zo yana ƙirƙiro cutar ƙwaya mai lauje, babu mai binsa.

Mu koma wajen ƙanena mai lantarki. Shi ma da gaskiyarsa. A 1800 Volta ɗan Italiya ya jera faya-fayen tutiya da jan ƙarfe da tsumma jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu ya samu wuta, waɗanda suka biyo bayansa suka riƙa zuba ruwan a akwati mai ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki cell. Battery kuwa kalmar soja ce, jerin igwa, Benjamin Franklin ne ya aro ta a 1749. Wato a ƙa'ida ɗaya shi ne cell, in an haɗa da yawa ya zama batir. Batirin tocila ko na rediyo mai volt 1.5 ɗin nan a wajen injiniya cell ne guda, ba batir ba, amma don Allah kar ka je kanti ka ce a ba ka sel biyu. Batir ne, an gama.

Inda bambancin ke da amfani shi ne batirin mota. Na taɓa tsayawa a kan wani rewaya yana duba nawa, ya kwance murafu shida ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa yana ƙara ruwan batir, da ya zo na huɗu ya ga ruwan ya yi baƙi ya ɗora mita ya girgiza kai ya ce Alhaji sel ɗaya ya mutu, sai dai sabo. Kowane ɗaki volt 2.1 yake bayarwa, shida su ba da 12.6, in ɗaya ya tafi sai ka ga mita na nuna goma da rabi, fitila za ta kama amma kik ba zai ja ba. A gareji sel ake cewa kuma babu mai tunanin 'yan sanda, don haka in da masu sana'ar kake magana bi su. In kuma rubutu ne na kowa da kowa, ɗakin batir ya fi, tunda da idonka kana ganin ɗakunan. Su kuma 'yan gwangwanayen da ke cikin batirin laftof da fawa bank, waɗanda ake kira 18650 saboda faɗin milimita 18 da tsawon 65, nan ɗaki bai dace ba, ƙananan batura ko ƙwayar batir. Haka farantin sola, 'yan murabba'an nan masu shuɗi-shuɗi da ke jere guda 36 ko 60 ko 72, kowanne kamar rabin volt, ni gida-gida nake ce musu, faranti mai gida 72, kuma masu sayarwa na ganewa nan take.

Sai salula. Da yawa suna ɗauka don wayar na da batir aka sa mata sunan, a'a. Ƙasa aka yanka ɗaki-ɗaki. Tun 1947 injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka kawo shawarar a raba gari gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da ƙarfen sabis ɗinsa, in kana tafiya wannan ƙarfen ya miƙa ka ga na gaba ba tare da kiran ya yanke ba, kuma zangon da aka yi amfani da shi a nan a sake amfani da shi can nesa. Martin Cooper na Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a New York ranar 3 ga Afrilu 1973, mu kuma GSM sai Agustan 2001 ta iso. Amurkawa ke cewa cell phone, Ingila mobile suke cewa. Masu shekaru za su tuna Celtel na Mo Ibrahim ɗan asalin Sudan, wanda ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, wannan cel ɗin dai shi ne. Tsakanin wayar salula da wayar hannu da tafi-da-gidanka kuwa, ta ukun ta tsufa duk da ta fi su armashi, salula ta fi zama a labarai da takardun hukuma, wayar hannu a hira, yaran yanzu ma waya kawai suke cewa tunda ba su taɓa ganin ta girke ba balle a bambanta. In takardar injiniyoyi ce ana nufin yankin da ƙarfe ɗaya ke ɗauka, ka ce yankin ƙarfen sabis, kar ka ce salula.

Na Excel, manhajar lissafin nan ta kwamfuta, ba zan daɗe ba. Mahaɗar layin tsaye da na kwance, A1, B7. Wasu na cewa akwati, amma akwati ya yi yawa a kwamfuta, ga na saƙo ga na bincike. Gida ya yi kyau tunda mun san gidan dara, sai dai akwai maɓallin Home a sama wanda shi ma gida ake fassara shi, ɗalibi zai rikice. Gurbi ya fi min, wuri ne da aka tanada don a sa wani abu, ka rubuta kuɗin a gurbin C4, ko wanda yau ya fara zama gaban kwamfuta zai gane.

Ta labarai kuma, inda ake cewa an tarwatsa cell na 'yan ta'adda, wannan daga tsarin ƙungiyoyin ɓoye ta fito irin na 'yan kwaminis, mutum uku zuwa biyar da ba su san sauran ba, in an kama ɗaya ba zai iya tona kowa ba. Reshe bai yi ba don reshe a fili yake har da allo a ƙofa. Gungu ko ɗan rukunin ɓoye ya fi kusa. Sleeper cell kuwa na taɓa jin an fassara da masu barci na kusa faɗuwa daga kujera, ga likimo a Hausa zaune yana jiran aiki, gungun da ya yi likimo. Larabawa su sun huta, khaliyya ɗaya ta ɗauke musu ta jiki da ta sola da ta 'yan ɓoye, asalinta ma amyar zuma ce, amma ko su da suka zo kan ɗakin fursuna sai suka ce zinzana.

Af, salatif da muke liƙe takarda da shi ma ɗan gidan ne. Cellulose sinadarin bangon ƙwayoyin tsiro ne, daga shi aka yi ledar cellophane, daga ita aka sami Sellotape a Ingila a 1937, mu kuma muka murɗe shi yadda bakinmu ya ga dama.

Takardar dai na miƙa ta ranar Alhamis. Layin farkon da ya hana ni sakat ya koma haka: jinin mutum yana ɗauke da wasu ƙananan jajayen ƙwayoyi da ido ba ya gani, zagayayyu, su ke kai iska ko'ina a jiki, amma a jikin mai sikila sai su lanƙwashe kamar lauje su riƙa toshe hanya. Babu sel babu halitta babu tantani. Kafin in tura na karanta wa Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta saurara har ƙarshe, abun da kawai ta tambaya shi ne wai AS da AS ɗin nan, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da suna da cutar ba, da gaske ne in sun yi aure kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, ko kuwa ɗa na huɗun ne ke fitowa da ita. Na ce mata kowane ciki, Inna. Sai na koma na ƙara layi biyu a shafi na uku.